Gonar Yaya

A gidanmu akwai gonar da kowa ke nomawa amma ba mai cin abin da ta bayar. Tana gabas da gida, ta ɗan gangara wajen fadama, baƙar ƙasa mai laushi wadda ba ta taɓa ba mu kunya ba ko a shekarar da ruwa ya yi gardama. Gonar Yaya ake ce mata. Ni da ubana da ƙannensa da matansu duk haka muke faɗa, alhali ba yayan ko ɗayanmu ba ne. Yayan kakana ne, kuma in ka cire Kaka babu mai rai da ya taɓa sa shi a ido.

Gidan namu yana tsakanin Maska da Danja, irin gidajen Maguzawa da ke zaune ɗai-ɗai a tsakiyar gonakinsu, kowane da shingensa da jerin rumbunansa. Kaka, mahaifin ubana, shi ne mai gida. Dogo ne, siriri, mai ƙaramar murya, ba ya ɗaga ta ko akuya ce ta shiga masa ɗaki. Bai san shekarunsa ba, bai kuma damu ya sani ba. Malamin haraji ya taɓa matsa masa da tambaya, sai ya ce masa ya girmi hanyar jirgi, ya girmi kwabo mai huji, in yana da lokaci ya je ya lissafa.

Ga yadda gonar ta sami sunanta. Kaka yana yaro, haƙoransa na gaba sun faɗi ba su fito ba, shi da yayansa suna tara kara a wannan gona bayan girbi, sai mahara suka ɓullo daga arewa. A zamanin nan ba abin mamaki ba ne, kowace rani ana sa ran su. Yayan ya cusa shi cikin tarin kara, ya ce kada ya motsa, shi kuma ya ruga wajen fadama. Kaka ya kwanta a ciki har ya ji muryar uwarsa tana kira. Iyakar labarin ke nan. Na ji shi daga bakinsa ya fi a ƙirga, bai taɓa ƙara masa gishiri ba, bai taɓa cewa yayan ya gudu ne don ya janye mahara daga kansa ba. Mu ne muke faɗin haka.

A al'adarmu ta wancan lokaci, in mutum ya mutu sai a jiƙa dawa a yi masa giyar makoki, dangi su taru su sha, sannan a raba abin da ya bari. Muddin ba a yi giyar nan ba, mutum bai mutu ba. Uwar Kaka ta ce ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, don haka ba mai jiƙa wa ɗanta dawa. Mijinta ya yanke gonar ya ce rabon yaron ne, a riƙa noma masa kafin ya dawo. Ita kuma ta kafa nata sharaɗin: dawar gonar a zuba ta a rumbu na dabam, kada ɗan gida ya ci, sai baƙo. Ta ce duk inda ɗanta yake wata ce ke tuƙa masa tuwo, ita ma za ta tuƙa wa na wasu.

Shi ya sa in ka tambayi Kaka labarin duniya ba ya ba ka sunan sarki ko na Bature. Sai dai ya gaya maka waɗanda suka ci daga rumbun Yaya a lokacin. Zuwan Turawa, a wurinsa, shi ne shekarun da bayi suka riƙa sulalewa daga hannun iyayengijinsu suna neman hanyar gida. Yana saurayi sannan. Suna zuwa biyu-biyu, uku-uku, wasu Hausar ma ba ta zauna a bakinsu ba, wasu ba su san sunan garin da suke nema ba sai dai su ce akwai dutse a bayansa. Ya ce a shekarun nan uwarsa ba ta yarda an ja ƙyauren shinge ba, don kowa ya sakankance yanzu kam Yaya zai dawo. Tana cikin wannan sa rai ta mutu.

Sai babbar yunwa, wadda ta koro mutanen arewa suka gangaro kudu da 'ya'yansu a kafaɗa. Rumbunan gida suka ƙare, na Yaya kaɗai ya rage da ɗan abu a gindi, ga yara na kuka. Ubana yana cikinsu, ya ce abin da ya fara sani a duniya ke nan. Kaka ya rasa yadda zai yi da maganar uwarsa. Daga ƙarshe ya sa aka fitar da yaran gidan bayan shinge, suka zagayo ta ƙofa, suka yi sallama, ya amsa musu kamar bai taɓa ganinsu ba, ya ce a ba baƙi kunu. Kullum haka aka riƙa yi har sabon hatsi ya nuna. Ubana ya tsufa yana jin haushin wannan zagaye, Kaka kuwa in an tuna masa sai ya ce yaran sun yi sallama mai kyau.

Bayan nan baƙi ba su yanke ba. Da aka ja hanyar jirgi daga Zariya ta bi ta Funtua, leburorin da suka gaji da dukan dutse sukan gudu su faɗo gidanmu. Da aka kafa injin gurzar auduga, masu jakai sukan yada zango a gindin ɗorawarmu. An yi shekarun fara. An yi yaƙin Turawa na biyu, aka ɗebi mutane zuwa haƙar kuza, waɗanda suka dawo da tari suka kwana a zaurenmu. Wannan na gani da idona, ina ƙarami. Na kuma ga sojan da ya dawo daga ƙasar Bama da manyan takalma, kansa ba daidai ba, ya yi wata guda yana kwana ƙarƙashin rumbu, Kaka na tambayarsa ko a can ƙetaren teku ya gamu da wani Bahaushe da aka sayar tun yana yaro.

Duk baƙon da za a ba abinci, Kaka da kansa yake zuba masa ruwan wanke hannu. Abin ba tsari, mai gida guda da furfura ya durƙusa gaban mai jaki da ƙwarya a hannu, ga yara cike da gida. Baƙi kan ji nauyi su ce a bari, shi kuwa sai ya ce su miƙo hannu kawai. Dalili shi ne Yaya yana da tabon wuta a bayan hannunsa na dama, tukunyar giya ce ta ƙone shi yana rarrafe. Fuska tana sauyawa, harshe ma yana sauyawa, tabon dai yana nan. Da fari hannun samari yake dubawa, daga baya na magidanta, a zamanina kuwa in tsoho ya yi sallama har rawar jiki yake yi.

Ni ban ga laifin wannan duka ba sai da na yi aure, shekarar da aka ba da mulkin kai. Ranar bikin mulkin kan ma Kaka bai je ko'ina ba. Da aka gaya masa Turawa sun tafi, cewa ya yi ai dama bai ga sun zo da shirin zama ba, ba wanda ya ga sun kafa rumbu.

Da na yi aure aka yanka mini gayauna, wato 'yar gonar da magidanci ke noma wa kansa bayan aikin gandu. Tawa ta faɗo a kan tudu, jar ƙasa mai tsakuwa, in ka sari ƙasa da fartanya har wuta take bayarwa. Lokacin kuwa auduga ke tashe. Sa'o'ina da suka sami ƙasa mai kyau suna kai kaya Funtua su dawo da keke, wani da rediyo, wani har ya rufa ɗakin uwarsa da kwano. Ni kuwa kowace safiya sai na bi ta gefen gonar Yaya kafin in hau tuduna, ina kallon baƙar ƙasa tana ba da dawar da masu jakai za su cinye. Raina ya riƙa ɓaci, kuma har yau ban ga abin kunya a wannan ɓacin rai ba. Mutum da mata da ɗa a hanya yana da hakkin ya so ƙasa mai kyau.

Tsakanin jika da kaka akwai wasa, don haka abin da ubana ba zai iya furtawa ba ni ina iyawa. Wata rana da hantsi na same shi yana tufkar igiya a inuwar rumbu.

Na ce, "Tsoho, ka ba ni aron gonar Yaya mana. In ya dawo in tashi in ba shi abinsa."

Ya ce, "Mi za ka shuka?"

"Auduga."

"To in ya zo da yunwa, auduga za ka dafa mashi?"

Na ce, "Mutumin da aka kama tun kafin Turawa, yanzu ko ya zo ai ba haƙoran cin tuwo."

Ya ce, "Ni da nike ci da mi nike ci? Tafi ka kira mani amaryata ta kawo mani ruwa, ita ta fi ka hankali. Ban san abin da ta gani wurinka ba ga ni zaune."

Matata yake nufi. Haka muka riƙa yi shekara da shekaru. Duk bazara in tayar da maganar, duk bazara ya kashe ta da wasa. Ƙanena, wanda muke ciki ɗaya, dariya kawai yake mana. Shi noma bai dame shi ba ko kaɗan, yaro ne mai fito da son kasuwa, in an ba shi kunya biyar ya nome sai ka tarar da shi a ta biyu yana kallon hanya. Garin wannan kallon hanya ne ma magirbi ya sare shi a gindin babban yatsansa na dama, wurin ya warke ya bar tabo fari kamar ƙaramin wata.

Ana nan sai aka shiga yekuwar musuluntar da Maguzawa. Motoci suka riƙa zuwa ƙauyuka, ana wa'azi, ana raba tufafi da carbi. Ubana ya karɓa, ni ma na karɓa, da yawancin gidan. Ba tilas aka yi mana ba, mun daɗe muna cuɗanya da Musulmin Maska, kuma ni zuciyata ta kwanta da abin har yau. Kaka bai hana kowa ba. Shi dai ya ce ya tsufa da koyon sabon abu, a bar shi ya ƙarasa a kan hanyar da uwarsa ta bi, don in ya sauya ba za ta san inda za ta neme shi ba. Shi da Gwaggo, ƙanwar ubana da ta dawo gida bayan mutuwar mijinta, su ne suka rage.

Malamin da ke koya mana salla mutumin Maska ne, dattijo mai haƙuri. Wata rana na ba shi labarin gonar, sai ya ce ai shari'a ba ta bar wannan ba. Wanda ya ɓace aka rasa labarinsa, ana jira har sa'o'insa su ƙare, daga nan a ɗauka ya rasu, a raba gadonsa. Na ji kamar an ba ni gonar a hannu. Na roƙe shi ya zo ya faɗa wa Kaka da bakinsa.

Ya zo. Kaka ya sa aka tuƙa masa tuwo daga rumbun Yaya, aka yanka kaza da hannun ubana don malam ya iya ci, ya kuma durƙusa ya zuba masa ruwa yana leƙen hannunsa. Bayan an ci malam ya yi bayani a tsanake, tiryan-tiryan. Kaka ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Malam, maganarka ta yi kyau. Sai sa'o'inshi sun ƙare, ko?"

Malam ya ce, "Haka ne, Baba."

"To ni da shi tazararmu kaɗan ce, goyo ɗaya ne tsakani. Ga ni zaune, yanzu na cinye tuwo gabanka. In ni ban ƙare ba, mi ya sa shi za ya ƙare?"

Malam ya yi murmushi, ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ka ji fa." A hanya da nake raka shi ya ce in yi haƙuri, tsawon ran kakana shi ne shaidar yayansa. Na dawo gida ina huci. A ranar na gane muddin tsohon nan na numfashi ba ni ba gonar, kuma ga dukkan alamu ba shi da niyyar dainawa.

Shekarar 1966 ta zo da abin da ta zo da shi. Sojoji suka kashe manya a farkonta, kafin ƙarshenta garuruwa suka rikice, aka far wa mutanen Gabas. Dawa ta yi tsawo lokacin. Wata rana da azahar sai ga wani Ibo mai gyaran keke a Funtua, wanda duk muka sani, ya ɓullo ta cikin gonar Yaya da matarsa da yara biyu, ƙafafunsu duk ƙaya. Kaka bai tambaye su komai ba. Ya sa aka share musu bayan rumbu, ya ce wa 'yan gida duk wanda bakinsa ya yi ƙaiƙayi ya zo ya sosa masa. Da aka kawo tuwo ya ɗauki ƙwaryarsa ya durƙusa, na ga yana juya hannun mutumin.

Bayan sun ci na ce masa, "Tsoho, shi ma Yayan ne? Mutumin da bai wuce sa'ana ba?"

Ya ce, "Ka san inda aka sayar da shi? Ka san ɗiyan da ya haifa?"

Na ce, "Ai ba a gadon tabon wuta."

Ya ce, "Na sani. Ido ne ya saba."

Sun yi kwanaki a wurinmu kafin ubana ya san yadda ya yi ya sada su da jirgi. Ba su daɗe da tafiya ba namu na can suka fara dawowa, wasu ba ko takalmi, su ma suka ci daga rumbun.

Da damina ta zagayo aka ce yaƙi ya tashi, ana ɗaukar soja a Zariya. Ƙanena ko shawara bai yi da kowa ba, an gama noman fari ya ce shi ya tafi. Inna, mahaifiyarmu, ta yi kuka, ubana ya yi faɗa, ni na ce masa wanda ya kasa kunya biyar ina zai iya da bindiga. Kaka bai ce kada ya je ba. Sai ya sa Gwaggo ta ɗebo dawa daga rumbun Yaya ta niƙa masa garin guzuri. Inna ta ce ai ɗan gida ba ya ci daga nan. Kaka ya ce wanda ya sa ƙafa a hanya ya zama baƙon wasu, gara ya fara sabawa. Da yaron ya durƙusa yin sallama, Kaka ya kama hannunsa na dama ya juya shi, ya shafa tabon magirbin da yatsa, ya daɗe yana shafawa. Ban so abin ba ko kaɗan, na kau da kai.

Labarinsa ɗaya muka samu. Wani mutumin Danja da aka sallamo da rauni a cinya ya ce ya gan shi a bakin Kwara, suna jiran jirgin ruwa da zai ƙetare da su, yana zaune kan akwatin harsashi yana fito. Daga nan shiru. Ranar kasuwar Danja nakan tsaya wurin mai shayi in saurari rediyo, a faɗi garuruwan da aka ci, sunaye masu wuyar faɗa, ba a faɗin sunan kowa. Ubana ya je Zariya ya tambaya, aka karɓe shi da mutunci, aka ce ya yi haƙuri, ana cikin yaƙi, in an sami labari za a aiko. Inna ta fara ajiye tuwo a akushi kowace yamma, ta rufe da faifai, da safe ta ɗumama wa jikoki.

A shekarun nan ne idon Kaka ya tafi. Yana ta raguwa har ya zama sai dai ya bambance rana da inuwa. Bai bar zuba ruwa ba, sai dai yanzu yakan riƙe hannun baƙo da hagu yana laluba bayansa, rabin ruwan na zuba a ƙasa. Kunnensa kuwa garau. Wata yamma Inna ta rufe akushinta, sai na ji ya ce, kamar da kansa yake magana, "Haka uwata take rufe nata."

Girbin shekara ta uku da tafiyar ƙanena, an gama ɗaure dawa, Kaka ya aika a kira ubana da Gwaggo da ni. Da safe ne, yana zaune bakin ɗakinsa yana shan hantsi.

Ya ce wa Gwaggo, "Ki ɗebi dawa a rumbun Yaya ki jiƙa."

Ta ce, "Baba, ta mi?"

Ya ce, "Ta makoki. Ko ya zo yanzu ba ni ganin shi. In na tafi kuwa babu mai gane shi, za ya shigo gidan ubanshi a ba shi tuwon baƙi. Gara in sallame shi da kaina."

Gwaggo ta share ido da bakin zane ta tashi. Ni kuwa, gaskiya, kafin in kai ƙofar shinge na riga na raba gonar a kaina, na san inda zan fara sa garmar shanu da wanda zan nemi irin auduga a wurinsa.

Aka yi giyar, aka aika wa dangi. Tsofaffi suka zo daga wajen Malumfashi, wasu har daga Matazu, waɗanda ba su bar tsohuwar hanya ba. Mu da muka musulunta ba mu sha ba, ubana ya yanka akuya don kowa ya sami abin ci. Makoki ne irin wanda ban taɓa gani ba, domin duk taron babu wanda ya san mamacin. A al'ada kowa kan tashi ya faɗi abin da ya sani na alheri game da shi. Nan kuwa Kaka kaɗai ya yi magana, kuma abin da ke gare shi bai taka kara ya karya ba. Ya ce yayansa ya iya busa da ganyen dawa. Yana tsoron kwaɗo. In an ba su ƙosai yakan cinye nasa da sauri ya zo yana lallashin ƙanensa. Da tabon hannun. Ya nemi wani abu ya ƙara, bai samu ba, sai ya ce a ba shi ƙwarya. Aka kai shi bakin gonar ya tsiyaye ta farko a ƙasa.

Washegari ya ce in ja shi zuwa gonar, mu biyu. Muka tsaya a tsakiyar kututturan dawa, yana riƙe da kafaɗata.

Ya ce, "Ka daɗe kana son wurin nan."

Na ce, "Na daɗe."

"To ga shi. Daga yau kai ke riƙe da shi."

Na buɗe baki zan yi godiya, sai ya matse kafaɗata.

"Ta ƙanenka ce. Dawa za ka shuka. Rumbu shina nan, ka san ƙa'idarshi."

Na ture hannunsa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Tsoho, wannan ai ba kyauta ba ce. Wahalarka ce ka sauke a kaina."

Ya ce, "Ita ce. Ni ma haka aka ba ni."

"Yaron nan fa ba a ce ya mutu ba. Yaƙi zai ƙare ya dawo."

"Shi ya sa za ka noma mashi."

"To don me ni? Ga ubana, ga ƙannensa."

Ya ce, "Ubanka za ya gaji, mutum ne mai jin magana, in an ce mashi ya haƙura sai ya haƙura. Kai kuwa shekara nawa kana bina kan gona ɗaya? Duk gidan nan ba mai naci irin naka." Ya laluba ya sake kama kafaɗata. "Ka san hannun ƙanen naka?"

Na ce na sani.

Ya ce, "To mu koma, rana ta fara zafi."

Bai kai buɗe kasuwar auduga ba. Ya kwanta kwana kaɗan, ba wani ciwo, ya daina cin abinci kawai. Gwaggo da tsofaffin suka binne shi a bayan gida kusa da uwarsa, yadda ya nema, aka yi masa tasa giyar. Ba a jima ba rediyo ya ce yaƙi ya ƙare. Sojoji suka riƙa dawowa, jirgi bayan jirgi, na yi ta zarya tashar Funtua har masu sayar da rake suka san ni. Da bazara ta yi na shuka dawa a gonar. Na ce ta shekara ɗaya ce, kafin ya iso.

Auduga ta yi zamaninta ta wuce ban shuka ko ƙwaya ɗaya a wurin ba. Inna ta rasu, ubana ya rasu, Gwaggo ma. Sunan gonar bai sauya ba, yaran gidan da ke cewa gonar Yaya yanzu sun ɗauka tun asali ƙanena ake nufi, don ga iyayen wasunsu shi yaya ne. 'Ya'yana sun yi ta kawo mini masu saye. Babban har ya ɗauko limami ya zo ya yi mini bayanin hukuncin wanda ya ɓace, bai san na riga shi jin wannan karatu ba. Na bar liman ya gama, na ce masa ni na girmi yaron nesa ba kusa ba, kuma ga ni zaune. Ba na jin na fi su gaskiya. Ina ma tsammanin su ne da gaskiya, kamar yadda nake da ita a lokacina.

Baƙi sun ragu yanzu, kowa na kan babur yana sauri. Amma ba a rasawa. Ko a makon jiya wani dattijo ya yi sallama da la'asar, ya ce mota ce ta lalace musu a hanyar Danja. Aka tuƙa tuwo. Jikata ta ɗauko buta za ta zuba masa, na ce ta kawo nan. Ya ce haba Alhaji, da girmanka, na ce ya miƙo hannu kawai. Babban yatsansa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Na ce a ƙaro masa miya.